Gwajin Lafiya Karo na Biyu: Ga Mai Jiran Takardar Zaman Dindindin a Kanada

Duk wanda ya shigar da takardun neman zaman dindindin a Kanada ya san wannan cuta: mutum ya farka da asuba, kafin ya yi alwala ya fara duba waya ko hukumar shige da fice, wato IRCC, ta aiko da saƙo. Watanni su wuce shiru. Rannan saƙo ya shigo, gaba ya faɗi, a buɗe, sai a tarar ba amincewa ba ce, umarni ne a sake zuwa wurin likita. Na ga magidanci ya kasa cin abinci a kan wannan wasiƙa, yana zaton an gano masa wata cuta ne a gwajin farko.

Ɗan'uwa, kwantar da hankalinka. Sakamakon gwajin lafiyar shige da fice na Kanada wata 12 kacal yake aiki. Fayil ɗinka kuwa ba ruwansa da wannan lissafi. Idan binciken tsaro ko tantance takardu ya ja lokaci har shekara ta zagayo, gwajin ya mutu, dole a sabunta shi kafin a yanke hukunci. Sau da yawa ma wasiƙar alama ce cewa wani jami'i ya ɗauko fayil ɗin daga inda ya daɗe yana kwance. Ban ce ka fara yanka rago ba, amma ba abin makoki ba ne.

Kuskuren da masu zumuɗi ke yi shi ne su ga wata 12 ya kusa cika, su ruga su sake gwaji da kansu ba a umarce su ba. Kuɗinka ne kake zubarwa, domin inshorar lafiya ta lardi ba ta biyan wannan gwaji, daga aljihunka yake fita, kuma kowane kai a gidan da nasa kuɗin. Tun Oktoban 2022 akwai sassaucin da ke yafe sabon gwaji ga wasu da ke zaune a cikin Kanada, matuƙar sun yi gwaji cikin shekara 5 da suka wuce kuma ba a same su da abin da ke barazana ga lafiyar jama'a ba. Saboda haka ka adana takardar da likita ya ba ka mai ɗauke da lambar gwajin farko, ka jira umarni. Idan ya zo, yawanci kwana 30 ake bayarwa, to a ranar ka nemi layi. Ƙa'idar kan sauya: masu bin tsarin Express Entry, wato hanyar neman zaman dindindin ta ƙwararrun ma'aikata, tun Agustan 2025 an dawo musu da sharaɗin yin gwajin kafin su miƙa takardu.

Likitan gidanku, komai ƙwarewarsa, ba ya cikin wannan magana sai in sunansa na cikin jerin likitocin da IRCC ta amince da su. Su ne ke tura sakamako kai tsaye ta na'ura. Iyalin da ke gida Najeriya kan yi nasu a irin waɗannan wurare, ciki har da cibiyoyin hukumar ƙaura ta duniya, IOM, a Abuja da Legas. Gwajin kansa ba wani abin tsoro ba ne: tambayoyi, duba jiki, fitsari ga mai shekara 5 zuwa sama, hoton ƙirji daga shekara 11, sai jini don ƙanjamau da tunjere daga shekara 15. Tafi da fasfo, da tabarau in kana sawa, da sunayen magungunan da kake sha. Mai hawan jini ya sha maganinsa kamar kullum, kada ya ɓoye. Mace mai juna biyu ta faɗa wa likita, ana iya ɗage hoton ƙirji har ta sauka, sai dai fayil ɗin zai jira ta.

Inda mutanenmu suka fi makalewa shi ne hoton ƙirji. Wanda ya taɓa yin tarin fuka yana yaro, ko da ya warke sarai, tabon kan fito a hoto. Daga nan sai a ce ya kawo kaki sau uku, a kai ɗakin bincike a jira ko ƙwayar cutar za ta tsiro, abin da ke cin kusan mako 8. Wannan jinkiri ne, ba kora ba. In cutar na nan da rai, a yi magani a gama, sannan a ci gaba. In tsohon tabo ne, akan ba mutum takardarsa da sharaɗin ya kai kansa ga hukumar lafiya ta lardinsa a riƙa bibiya. Wanda ke da katin asibitin da ya yi jinya a da, ya sa a lalubo masa shi tun yanzu.

Haka kuma samun ciwon suga ko ƙanjamau kaɗai ba ya hana takarda. Abin da ake aunawa shi ne ko kula da mutum zai ɗora wa gwamnati nauyin da ya wuce kima, kuma a 2018 an ɗaga wannan ma'auni zuwa ninki uku na matsakaicin abin da ake kashe wa ɗan ƙasa a kan lafiya. Matar aure ko mijin da aka ɗauki nauyinsa, da 'ya'yansu, da 'yan gudun hijira, ba a ma auna su da wannan sikeli. Kafin a ƙi mutum saboda lafiya, sai an rubuto masa an ba shi damar kare kansa. In irin wannan wasiƙa ta zo, lauya za ka nema ko mai ba da shawara mai lasisi, ba ƙwararrun zauren WhatsApp ba.

Yanzu ga maganar da ta fi shafarmu, kuma ita ce ake jin nauyin faɗa. Dokar ta ce duk wanda ke ƙarƙashinka sai an rubuta shi an kuma gwada shi, ko da ba zai biyo ka ba. Ɗan da ke wurin kakarsa a Zariya, da 'yar da ke hannun tsohuwar matarka, duk suna ciki. Kanada aure ɗaya ta sani, amma 'ya'ya naka ne ko daga wane ɗaki suka fito. Wani zai ce bari in shiga tukuna, daga baya na ɗauko su. Wanda ba ka bayyana ba, doka na iya hana ka ɗauko shi har abada, kuma in aka ɗauki abin a matsayin yaudara, haramcin shekara 5 ne. Jiran da ya yi tsawo kuwa rayuwa ba ta tsayawa a cikinsa: ana ɗaura aure, ana haihuwa. Duk wanda ya faru, sanar da hukuma ta fom ɗinta na intanet kafin a ba ka takardar, jaririn ma a yi masa nasa gwajin.

Kada jiran babbar takarda ya sa ka manta da ƙarama. Shigar da neman zaman dindindin bai tsawaita izinin aikinka ko na karatu ba. Nemi sabuntawa kafin ya ƙare, sai ka ci gaba da zama bisa doka har a amsa maka. Da yawa sun cancanci izinin aiki na wucin gadi da aka tanada don masu wannan jira. Duba fasfo ma, domin wa'adin takardar tabbatar da zaman dindindin, wadda ake ba ka in an amince, yakan bi ranar mutuwar fasfo ko ta gwajin lafiya, duk wadda ta riga.

In shirun ya wuce lokacin da hukumar ta wallafa, ana iya neman bayanan da jami'ai suka rubuta a fayil, waɗanda ake kira GCMS, a kan dala 5. Ofishin ɗan majalisar tarayya na unguwarku ma yana tambayo maka kyauta, ko da ba ka da ƙuri'a. Ba zai tsallake da kai layi ba, amma za ka san ko tsaro ne ya riƙe ka ko lafiya. In an kai shekaru babu dalili, lauya na iya roƙon Kotun Tarayya ta tilasta a yanke hukunci. Wannan hanya tana cin kuɗi, kuma kotu hukunci take sa a yanke, ba ta cewa lallai sai an ba ka.