Darasi Na 9: Lafiyar Zuciyar Ma'aikacin Agaji

Tun 2009 da rikicin Boko Haram ya ɓarke a Borno mutane sama da miliyan 2 sun bar gidajensu, kuma yawancin masu kai musu abinci da magani a sansanonin Dikwa, Monguno da Bama namu ne na gida, direbobi, ungozomomi, 'yan sa-kai. A watan Maris na 2018 an kai hari Rann aka kashe ma'aikatan agaji 3. Wanda ya tsira daga irin wannan, ko wanda kullum aikinshi sauraron uwar da aka kashe wa ɗa, wallahi abin baya barin zuciyarshi haka nan.

To ya ake gane ya fara ciwo? Barci ya ƙaurace mishi, in ma ya samu sai munanan mafarkai, a buga ƙofa da ƙarfi ya zabura, abu kaɗan ya hau matarshi da yara da faɗa alhali da can ba haka yake ba. Wani kuma shiru zai yi, abinci ma sai an matsa mishi. Wanda ya fi tayar min da hankali shi ne mai komawa shan tramol wai dan ya iya aiki.

Ɗan'uwa, wannan ba hauka bane, ba kuma raunin imani bane.

Hukumar Lafiya ta Duniya a 2011 ta fitar da hanyar taimakon farko mai mataki uku: duba, saurara, haɗa. Ka duba halin da abokin aikinka yake ciki. Ka zauna dashi inda ba mutane ka saurare shi, kar ka tilasta mishi ba da labarin abin da ya gani, kar kuma ka tare shi da "kai fa namiji ne", bar shi ya yi kukanshi in ya zo. Sannan ka haɗa shi da mai ba da shawara na ƙungiyarku ko likita, a Maiduguri akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya. Addu'a da zuwa asibiti basa karo da juna. In kuwa ya fara zancen kashe kanshi to kar a barshi shi kaɗai ko na minti ɗaya, a kai shi a ranar.

Kai ma in hutunka ya zo ka karɓa dan Allah, ka kira gida.

Aikin aji: rubuta alamomi uku daga cikin waɗanda muka karanta, da sunan mutum ɗaya da za ka iya faɗa wa damuwarka.