Yadda Za Ka Saka Python a Kwamfutarka Kafin a Fara Kwas

Ranar da ƙanina ya fara kwas ɗin rubuta manhaja da Python, wani yare na ba kwamfuta umarni, ya dawo gida ransa a ɓace. Malami ya ce kowa ya buɗe kwamfutarsa ya gwada darasin farko, na kowa ya yi aiki, nasa kuwa sai wani rubutu da ke cewa kwamfutar ba ta san wani abu mai suna python ba. Har ya fara lissafin sayen sabuwar kwamfuta. Ashe ɗan akwati guda ne bai danna ba lokacin da yake saka manhajar. Abin ya yi mini ciwo, domin irin wannan ƙaramin tuntuɓe ne ke sa ɗalibi ya ɗauka kansa ne ba ya ja. Shi ya sa nake so ka gama wannan aiki a gida, cikin natsuwa, tun kafin ranar farko.

Na ɗauki Windows domin ita ce a yawancin kwamfutocin ɗalibanmu.

Mataki na 1: Tambayi malami, ka duba kwamfutarka

Kafin ka ɓata data, tambayi malaminka wane zubin Python za a yi amfani da shi. Idan bai fayyace ba, duk wanda ya fara da lamba 3 ya isa. Ka guji Python 2. An daina kula da shi tun 1 ga Janairun 2020, amma har yanzu tsofaffin bidiyoyi na koyar da shi.

Sai ka shiga Settings, ka zaɓi System, sannan About. A nan za ka ga ko kwamfutarka 64-bit ce ko 32-bit, da kuma Windows ɗin da ke kanta. Mai Windows 7 ya sani cewa Python 3.8 ne na ƙarshe da zai hau kwamfutarsa.

Mataki na 2: Sauke shi daga gidansa

Je python.org, ka shiga Downloads, ka nemi "Windows installer" wanda ya dace da kwamfutarka. Bai kai megabait 30 ba. Kada ka karɓa daga wani shafin da ba ka sani ba. Kyauta ne a gidansa, to me zai kai ka kasuwar bayan fage inda ake cusa ƙwayar cuta? Idan data ta yi ƙaranci, mutum ɗaya ya sauke ya raba wa 'yan aji a filashi. Haka kuma, kada ka ɗauko Anaconda, wani babban ƙunshin Python da ƙarin kayan aiki, sai in malami ne ya ce, domin nauyinta ya kusa gigabait ɗaya.

Mataki na 3: Ɗan akwatin nan

Nan ne gizo ke saƙar. Da ka buɗe fayil ɗin, taga za ta fito da "Install Now" a tsakiya, hannunka zai yi ƙaiƙayin dannawa. Dakata. Kalli can ƙasan tagar, akwai ɗan akwati da aka rubuta "Add python.exe to PATH" a gefensa. Danna shi tukuna, ka ga alama ta bayyana a ciki, sannan ka danna "Install Now".

Me ya sa yake da muhimmanci haka? PATH jerin wurare ne da Windows ke leƙawa duk lokacin da ka kira sunan wata manhaja. Kamar ka aiki yaro wurin mai shago ne ba ka faɗa masa layin ba: shagon yana nan, amma yaron zai dawo ya ce bai gani ba. Python ɗin ƙanina ya hau lafiya lau, Windows ce kawai ba a nuna mata ƙofar gidansa ba.

Idan ka riga ka saka ba tare da danna shi ba, kada ka tayar da hankalinka. Sake buɗe fayil ɗin, ka zaɓi Modify, ka wuce shafi na gaba, ka danna "Add Python to environment variables". Kuma ka tabbata batirinka na da caji kafin ka fara, kada a ɗauke wuta aikin ya tsaya a tsakiya.

Mataki na 4: Gwada

Danna madannin Windows, rubuta cmd, ka buɗe baƙin allon da ake rubuta wa kwamfuta umarni. Rubuta:

python --version

Idan ka ga kalmar Python da lamba, kamar 3.13, ka haye. Idan kuma Microsoft Store ce ta buɗe, ko aka ce ba a sami Python ba, rufe baƙin allon ka buɗe sabo, domin tsohon bai san da canjin ba. In abin ya ci gaba, gwada py --version. Idan wannan ya amsa, matsalar PATH ce, koma mataki na 3.

Mataki na 5: Inda za ka riƙa rubutu

Python yana zuwa da wani ɗan wurin rubutu mai suna IDLE, kuma ya wadatar a makonnin farko. Amma malamai da yawa sun fi son Visual Studio Code (VS Code) na kamfanin Microsoft. Sauke shi daga code.visualstudio.com, ka saka, ka buɗe, ka shiga Extensions a gefen hagu, ka nemi ƙarin kayan aiki mai suna Python wanda Microsoft ta wallafa, ka saka shi.

Ni dai a ganina, wanda kwamfutarsa ba ta da ƙarfi ya ɗauki Thonny. A Jami'ar Tartu ta ƙasar Estoniya aka ƙirƙiro shi musamman domin masu koyo, yana zuwa da nasa Python a ciki, kuma yana nuna maka layi bayan layi yadda umarninka ke gudana.

Mataki na 6: Fayil ɗinka na farko

Buɗe folda guda, ka sa mata suna kamar kwas, duk aikinka ya zauna a ciki. A VS Code zaɓi Open Folder, ka buɗe ta, ka ƙirƙiri fayil mai suna gaisuwa.py, ka rubuta:

print("Sannu da zuwa")

Adana shi da Ctrl da S, sannan ka danna ɗan kibiyar da ke sama ta hannun dama. Gaisuwarka za ta fito a ƙasan allo.

Tarko biyu na jiran ka a nan. Windows kan ɓoye ƙarshen sunan fayil, sai ka ga gaisuwa.py alhali ainihin sunansa gaisuwa.py.txt ne, musamman idan a Notepad ka rubuta. Buɗe kowace folda, ka shiga View, ka kunna "File name extensions". Na biyu, kada ka raɗa wa fayil ɗinka suna irin random.py ko turtle.py, domin Python na da nasa kayan aiki masu waɗannan sunaye, sai ya ɗauki naka a madadinsu, komai ya rikice.

Idan malami ya ba da jerin ƙarin kayan aiki, kamar numpy, koma baƙin allo ka rubuta python -m pip install numpy. Wannan yana buƙatar intanet, don haka ka yi shi a gida tun da dare, ba a cikin aji ba inda mutum talatin ke rububin intanet ɗin waya ɗaya.