Kujerar taga daga Kano zuwa Legas: yadda nake zaɓa

Saro kaya ne ke kai ni Legas, kuma na daɗe ina bin wannan hanya ta sama. Abokan tafiyata barci suke yi tun kafin jirgi ya ɗaga, ni kuwa hancina na manne da taga har mu sauka. Tafiyar kusan awa ɗaya da rabi ce, amma kujerar da ka samu ita ke yanke ko za ka ga ƙasa ko za ka ga fiffike.

Fara da rana, domin ita ce babbar abokiyar gaba. Daga Kano zuwa Legas jirgi kudu maso yamma yake dosa. Da safe ke nan rana tana hannun hagu. In ka zauna can, haske zai yi ta dukan idonka, tarkacen karce-karcen da ke jikin tagar duk su fito, ƙasa ta koma fari fat. Saboda haka jirgin safe ka nemi dama, na yamma ka nemi hagu. In kana dawowa gida sai ka juya lissafin. A jirgin da ke da kujeru uku-uku, irin Boeing 737, A ce tagar hagu, F ta dama.

Sai fiffike. Layukan tsakiya, har da na ƙofar gaggawa da dogaye ke rububi don miƙe ƙafa, duk a kansa suke. Ka nemi gaba da shi, wajen layi na 5 zuwa na 8. In babu, ka tafi can baya sosai. Sai dai zafin da inji ke fitarwa yana sa hoto ya yi rawa kamar kwalta da tsakar rana. Ka kuma duba taswirar kujeru da kyau. Wata rana na samu A ina ta murna, na shiga na tarar da bango sumul: layin nan ne da bututun iska ya bi ta wurin tagar. Haka na yi ta leƙen ta gabana kamar mai cin bashi.

Kada ka jira sai ka isa kantar filin jirgi kafin ka zaɓi kujera. Yawancin kamfanoni suna buɗe rajistar shiga ta intanet kwana guda kafin tafiya, ka zaɓa da kanka. In ya kuɓuce maka, je da wuri ka gaishe da mai kanta, ka faɗi harafi da layin da kake so. "Taga" kawai in ka ce, kan fiffike za a jefa ka.

Lokacin shekara ma da nasa. Daga Disamba zuwa Fabrairu hazo ke mulki, komai kujerarka ba abin da za ka gani sai toka-toka. Ni Oktoba na fi so: ruwa ya wanke sama, gonaki ba su bushe ba. A lokacin ne kake ganin yadda jar ƙasar Kano ke juyewa kore a hankali, duwatsun kudu da Zariya su ɓullo, sannan Kogin Kwara ya gitta yana sheƙi, da tsibirai na yashi a cikinsa. Wannan wurin ba na ko ƙifta ido. Daga nan sai daji ya yi duhu, gajimare ya taru, jajayen rufin kwano na garuruwan Yarbawa su fara bayyana.

In za ka ɗau hoto, kashe fitilar waya, ka matso da ita kusa da tagar amma kada ta taɓa, don girgizar jirgi na shiga hoton. Farar shadda kuma tana fitowa a gilashin kamar fatalwa, shi ya sa ranar tafiya nake saka mai duhu.