Yadda Ake Cire Kan Silinda da Kafireto na Babur ɗin Jeji Don Ƙara Masa Ƙarfi

Wannan bayani ya shafi babur mai silinda ɗaya, mai bawul biyu, wanda iska ke sanyaya shi, daga 125cc zuwa 200cc, irin Honda XL da 'yan China da aka kwaikwaya daga gare shi. Kan silinda, wanda bakanikai ke kira top, da kafireto aikinsu a haɗe yake. Duk abin da ka sauya a ɗaya sai ya nemi gyara a ɗayan.

Wanke babur ɗin tas tun da daddare, ka bar shi ya kwana. Top ɗin alminiyan ne, idan aka kwance shi da zafi yakan karkace, kuma ƙwayar yashi ɗaya da ta faɗa cikin silinda ta isa ta karce shi. Tanadi sifana da soket na 8, 10, 12 da 14, sifana mai awon ɗauri, fila geji (siraran ƙarafa na auna giɓi), gudumar roba, waya mai laushi, tsumma mai tsabta da sabon gasket. Ka samu kwali ka huhhuda shi, kowace kusa ka cire ka soke ta a gurbin da ya yi daidai da inda ta fito, domin tsawonsu ba ɗaya ba ne.

Fara da kafireto. Rufe famfon mai, sassauta ƙaramin sukurun da ke ƙasan kofin kafireto man ya tsiyaye cikin gwangwani, nesa da wuta. Cire kujera da tanki, sannan wayar batir ta baƙi. Warware murfin saman kafireto da hannu, ka zaro silaid tare da allura da sifirin, ka naɗe su a tsumma su rataya a jikin wayar totur. Allurar nan in ta lanƙwashe ko kaɗan, ba ta sake daidaita. Sassauta maɗaurin robar iya kilina, kwance noti biyu na wuyan da ya haɗa kafireto da top, ka janye shi baya. Toshe ramin da tsumma nan take.

Salansa kuma, zuba wa notinta biyu man sassauta tsatsa tun kafin ka taɓa su. Kusoshin wurin sun sha wuta, da ƙarfi kaɗan suke karyewa, kuma fitar da guntun da ya maƙale aiki ne na yini guda.

Yanzu sai taimin, wato daidaita lokacin buɗewar bawul da motsin fistin, inda aka fi yin ɓarna. Cire filogi, buɗe murafu biyu na gefen hagu na injin, ka juya maganeto da soket har alamar T ta zo daidai da tsagin da ke jikin ramin. T tana zuwa sau biyu a zagaye ɗaya na aikin injin. Wadda kake nema ita ce wadda idan ka taɓa rokan bawul biyun za ka ji duk suna ɗan motsi, alamar bawuloli a rufe suke. A lokacin alamar da ke jikin siroket ɗin kam, wato sandar da ke buɗe bawul, za ta fuskanci tsagin da ke jikin top. Ɗauki hotonta da waya. Sassauta abin da ke ɗame sarƙar taimin, cire kusoshi biyu na siroket, kuma kafin ka zare shi ka ɗaure sarƙar da waya a jikin firam. Idan ta zame cikin injin, sai ka buɗe gefen maganeto kafin ka kamo ta. Injin irin na Honda CG ba shi da wannan sarƙa, sanduna biyu ne ke tura bawul. Zare su kawai za ka yi, ka yi wa kowace alama.

Akwai ƙaramar kusa a gefen sarƙa da mutane ke mantawa da ita. Ita ake fara cirewa, domin in ka saki manyan noti huɗu tana ɗaure, nauyin duka zai koma kanta. Manyan kuma a gicciye ake sassauta su, rubu'in juyi kowanne, a zagaya sau biyu ko uku. Ƙwanƙwasa top a hankali da gudumar roba a wuri mai kauri, ba kan fikafikan sanyaya ba. Kada ka cusa sukudireba tsakanin top da silinda. Sa wani ya danne silinda yayin da kake ɗagawa, in ba haka ba gasket ɗin ƙasa zai yage, mai ya riƙa tsatsa. A wasu baburan firam ba ya barin top ya fita daga dogayen kusoshin, dole a sauke injin. Kula da ƙananan bututun saiti da zoben robar da mai ke bi ya hau sama. In ka manta zoben, kam zai ci kansa cikin ɗan lokaci.

Kafin kowane gyara, kifa top ɗin ka zuba kananzir a kwarmin bawuloli. Idan ya zurara cikin 'yan mintoci, ƙarfin da kake nema ta nan yake tsiyayewa, kuma goga bawul da man gurza shi ne aikin farko. Ɗora ƙarfe miƙaƙƙe a fuskar top ka gwada da fila geji. In giɓin ya wuce 0.05mm, fuskar tana buƙatar daidaitawa.

A ramukan iska, cire kaushin da aka bari wajen zubin ƙarfe kawai, ka daidaita bakin ramin da wuyan kafireto. Ramin shigar mai a bar shi da ɗan kaushi don fetur ya gauraya da iska, na fitar hayaƙi ne ake gogewa sumul. Faɗaɗa rami barkatai yana rage gudun iska, babur ya rasa ja a cikin rairayi da hawa, wato inda aka fi buƙatarsa.

Aske fuskar top yana ƙara matsi. A injin 150cc mai faɗin fistin 62mm da matsin 9 bisa 1, aske 0.5mm zai kai shi kusan 9.7. Shawararmu kada a wuce nan, 0.3mm ma ya wadatar. Zafin watan Afrilu a Sakkwato ko Agadas yana haura digiri 40, ga man bumburutu da ba a san ingancinsa ba. Matsi mai yawa a irin wannan hali yana sa injin ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, ƙarshenta fistin ya huje. Bayan askin, manna ɗan yumɓun wasan yara a kan fistin, ɗaura top da tsohon gasket, juya injin da hannu sau biyu, ka buɗe ka auna kaurin inda bawul ya danna. Kada ya gaza 1.5mm.

A kafireto, ƙaramin jet, wato 'yar kusa mai rami da fetur ke bi, shi ne ke ba da mai daga silo zuwa rubu'in totur, allura daga nan zuwa kashi uku cikin huɗu, babban jet kuma sauran. Idan iska ta ƙaru, hau da babban jet mataki ɗaya ɗaya, misali daga 98 zuwa 100, sannan 102. Sauke maƙalin allura ƙasa yana ɗaga ta, mai ya ƙaru. Kada a buɗa jet da waya, iska ake hura masa. Ɗora babban kafireto irin PZ30 a kan 125cc yakan sa babur ya shaƙe da an murɗa totur. Kuma duk wanda ya ce ka cire soson iya kilina, ƙurar hunturu za ta cinye maka ringi.

Wajen mayarwa, sabon gasket, notin a gicciye mataki uku. Ƙananan kusoshi kusan 10Nm, manyan noti tsakanin 20 da 30 gwargwadon abin da littafin injin ya ce. Saita bawul da sanyi: 0.05mm a XL, 0.08mm a CG125. Juya injin da hannu zagaye biyu ka sake duba T da alamar siroket kafin ka taka kik. Bayan gwaji da totur a buɗe, kashe injin ka duba filogi: ruwan ƙasa daidai ne, baƙi mai ya yi yawa, fari kuwa mai ya yi kaɗan, ka ƙara jet kafin ka sake hawa. Babur da aka saita a Kano zai iya baƙanta filogi a Jos, inda tudu ya kai kimanin mita 1,200 kuma iska ta fi sauƙi. Can sai a sauko da jet mataki ɗaya.