Neman Jari a Zariya: Abin da Mai Kuɗi Ke Dubawa Kafin Ya Sa Hannu a Aljihu

Kafin ka tunkari kowa da maganar jari, ɗauko littafin cinikinka ka duba ko zai iya nuna abin da ya shigo da abin da ya fita a watanni shidan da suka wuce. Idan babu littafin, ko kuma kuɗin shago da na cefane a aljihu ɗaya suke kwana, to dakata tukuna. Buɗe wa sana'ar asusun banki nata daban, ka sa duk cinikin POS da tiransifa su bi ta nan, ka kuma yanka wa kanka albashi komai ƙanƙantarsa. Takardar shige da ficen kuɗi ta banki ita ce shaidar da ba a musu da ita, kuma ita mai kuɗi zai fara nema.

Sai adadi. "Ko nawa aka samu" ba amsa ba ce, tana nuna ba ka yi lissafi ba. A ce kajin gidan gona 500 za ka zuba a Basawa ko Shika. Rubuta kuɗin 'yan tsaki, abinci na mako shida zuwa takwas, rigakafi, gawayin ɗumama su, dusar katako, ladan yaro da kuɗin mota. Abinci kaɗai zai ci kusan kashi biyu cikin uku. Kowane farashi ka samo shi daga bakin mai sayarwa a Sabon Gari ko Tudun Wada, ka rubuta kwanan wata a gefensa, domin farashin watan jiya ba na yau ba ne. Ƙara kashi 10 zuwa 15 cikin 100 saboda tashin kaya da mutuwar kajin da ba a rasawa. Yawancin masu farawa na lissafa kuɗin inji da haya su manta kuɗin juyawa, sai inji ya iso babu abin sayen kayan da zai sarrafa.

Wanda kasuwarsa ta dogara da ɗaliban ABU, mai abinci ne a Samaru ko mai wanki ko mai buga takardu, ya sa watannin hutu cikin lissafinsa. Masu kuɗin garin nan ba su manta yajin aikin ASUU na 2022 ba, wata takwas Samaru tana kwance. Za a tambaye ka yadda za ka yi in ya sake faruwa, gara ka zo da amsar.

Inda aka fi samun rigima shi ne rashin fayyace wane irin kuɗi aka karɓa. Bashi daban: za ka mayar da uwar kuɗi ko an ci riba ko an faɗi. Ƙiradi daban: mai jari ya kawo kuɗi, kai ka kawo aiki, ku raba riba bisa kason da kuka yanka, misali 60 da 40. Idan asara ta zo ba da sakacinka ko saɓa sharaɗi ba, a kan dukiyarsa take, kai kuma wahalarka ta tafi a banza. Ba a yanka wa ƙiradi tsayayyen adadi. Da zarar an ce "naira dubu hamsin duk wata, uwar kuɗi kuma tana nan", an bar ƙiradi an shiga bashi da ruwa, kuma sabuwar sana'a ba ta iya ɗaukar wannan nauyin. Mutane da yawa suna ba da kuɗi da sunan kasuwanci alhali a ransu bashi ne. Tambayi mutum ƙarara: "Alhaji, in Allah ya kawo asara, yaya za mu yi?" Amsarsa za ta gaya maka irin kuɗin da yake nufi.

Na uku shi ne hannun jari, wato ka sayar da wani yanki na sana'ar kanta. A nan lissafi ɗaya ke kayar da mutane. Idan kun yarda darajar sana'arka naira miliyan 4 ce, ya zuba miliyan 1, darajar ta koma miliyan 5, kasonsa kashi 20 ne, ba 25 ba. Kada ka saki rabi a zagayen farko. Gobe za ka sake neman jari, kason kowa zai ragu, ka wayi gari kana yaron shago a shagonka.

Hannun jari kuwa sai da kamfani. Rajistar sunan kasuwanci a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ta isa buɗe asusu, amma ba ta da hannayen jarin da za a raba. Dokar kamfanoni ta 2020 ta ba mutum ɗaya damar kafa kamfani mai zaman kansa, mafi ƙarancin jarin da ake rubutawa naira 100,000. Ka haɗa da lambar haraji, in kuma abin ci ko sha kake ƙullawa a leda ko roba, fara neman lambar NAFDAC.

A ina ake nema? Fara da kuɗin da ba ya cin kasonka: adashi, kafin alƙalami daga mai sayen kayanka, da kayan da dila zai ba ka ka biya bayan mako biyu. Daga nan 'yan'uwa da tsohon ubangidanka, wanda ya riga ya san hannunka. Masu gudun kuɗin ruwa suna da bankunan Jaiz, TAJ da Lotus. A tsarin murabaha banki ne ke sayen injin ya sayar maka da ribar da aka sani, ka biya kaɗan-kaɗan, amma za su nemi mai tsaya maka ko jingina. Bankin Masana'antu, BOI, ya fi karkata ga masu sarrafa kaya. Gidauniyar Tony Elumelu tana ba da dala 5,000 da ba a mayarwa, ana buɗe nema ranar 1 ga Janairu ta intanet, kuma kyauta ne. Masu nema suna da yawa ƙwarai, don haka cika ka ci gaba da harkarka. Duk wanda ya ce ka biya shi ya sa sunanka a jerin tallafi, ɗan damfara ne.

Wajen babban ɗan kasuwa, kada ka faɗa masa kai tsaye a bakin masallaci. Nemi wanda yake jin nauyinsa ya gabatar da kai. Je da takarda shafi ɗaya, da samfurin kayan a hannu, ka gayyace shi ya aiko yaronsa ya ga wurin. In ya yi jinkiri, ba shi shawarar ya saki kuɗin kashi-kashi: na farko ya sayi inji, na biyu ya fito bayan ya ga cinikin wata uku. Wannan kan sauko da mai taurin hannu.

Duk abin da aka yanke a rubuta, ko da da yayanka ne. Aya ta 282 a Suratul Baƙara ma ta yi umarni da rubuta bashi da kafa shaidu. Takardar ta faɗi adadi, irin kuɗin, kason riba, lokacin rabo, wanda ke sa hannu a asusu, da yadda mai son fita zai fita, da sanarwar wata nawa. A sa har da abin da za a yi in ɗayanku ya rasu, domin magada kan zo neman kuɗinsu a dunƙule lokacin da suke kwance a kaya. In kuɗin ya kai miliyoyi, biya lauya ya duba.

Kada ka yi shela a Facebook ko WhatsApp cewa jama'a su zuba kuɗi za ka ba su riba tabbatacciya. Kamfani mai zaman kansa ba shi da izinin tallata hannun jarinsa ga jama'a, tara kuɗi irin wannan kuma sai ta dandalin da hukumar SEC mai kula da kasuwar hannayen jari ta yi wa rajista.

Bayan kuɗi sun shigo, aika wa mai jari bayani duk ƙarshen wata: ciniki, kashewa, bashin da ake bin ka da wanda kake bi, da kayan da suka rage. Watan da aka faɗi ma ka aika, da dalili, kafin ya ji a bakin wani.