Yadda Ake Bin Sawun Kakanni a Tsofaffin Littattafan Tarihin Sheffield

Idan zuriyar da kake bincike ta tuƙe a Sheffield, garin maƙeran wuƙaƙe a arewacin Ingila, kada ka yi gaggawar buɗe littafin tarihi. Sai da suna da shekara a hannu littafin zai yi maka amfani.

Fara da ƙidayar 1851, domin ta rubuta shekarun mutum da inda aka haife shi. Ta 1841 kuwa sai da hattara: an zaftare shekarun manya zuwa biyar-biyar, mai 34 sai ka ga an sa masa 30. Rajistar gwamnati ta haihuwa da aure da mutuwa ta soma ne ranar 1 ga Yuli 1837. Duk abin da ya riga wannan, sai littattafan coci.

Daga nan ka nemi Hallamshire, littafin tarihin yankin Sheffield na Joseph Hunter, wanda ya fito a 1819, ko bugun da Alfred Gatty ya faɗaɗa a 1869. Kada ka sa rai da yawa. Hankalin Hunter yana kan manyan gidaje ne, irin su Talbot, da zaman tsare da Maryamu sarauniyar Scotland ta yi a garin. Talaka mai wasa wuƙa ba shi da gurbi a nan. Amfanin littafin shi ne ya koya maka ƙasar. Gundumar cocin Sheffield ta kasu shida, ciki har da Ecclesall Bierlow da Brightside Bierlow da Attercliffe. Wanda bai san haka ba zai ga waɗannan sunaye a takarda ya ɗauka kakan ya yi ƙaura, alhali ko unguwa bai sauya ba.

Inda naman yake shi ne takardun ƙungiyar maƙeran wuƙa, wadda majalisar dokoki ta kafa a 1624. Yaro kan zauna gidan maigida aƙalla shekara bakwai yana koyon sana'a, kuma ana rubutawa. R. E. Leader ya buga tarihin ƙungiyar a 1905 da 1906, da jerin yaran: sunan yaro, sunan ubansa da sana'arsa, sunan maigidan, da shekarar. Layi ɗaya kan ba ka uba da ɗa a lokaci guda. Ni a ganina ya fi babi goma na Hunter daraja.

Idan dangin suna zaune a bakin kogin Loxley ko Don a 1864, duba labarin ambaliyar 11 ga Maris, daren da madatsar Dale Dyke ta ɓalle ta kashe mutum kusan 240. Samuel Harrison ya rubuta shi a shekarar, da sunayen mamatan.

Duk sunan da ka samu, koma ka gwada shi da littafin coci, kuma ka neme shi da rubutu iri-iri, don magatakardan lokacin da kunne suke rubutawa.