Yadda mai takaba za ta kare ɗakinta da gadon 'ya'yanta mata a kotu

Aikina rubuta wa mutane takardun ƙara a nan Garwa, arewacin Kamaru, kuma yawancin matan da ke zama a bencina mazansu ne suka rasu, dangi suka sa wa ɗaki kwaɗo. Ga abin da nake gaya musu.

Hajiya, fara tattara takardu tun ana zaman makoki: ta mutuwa daga ofishin magajin gari, ta aure, da ta haihuwar kowane yaro. Wanda ba shi da ita sai kotu ta yi masa hukuncin da zai maye gurbinta.

Daga nan sai taron dangi, inda ake rubuta sunayen magada kafin a kai wa alƙali. A nan ake cin mutum. Kada ki dangwala yatsa sai wanda kika yarda da shi ya karanta miki sunayen ɗaya bayan ɗaya. Sau da yawa za ki tarar an jera maza, an tsallake 'ya'ya matan da suka yi aure, wai sun zama na wani gida. Shari'ar Musulunci ba ta ce haka ba, kotu ma ba ta ce ba. A 1993 Kotun Ƙoli ta Kamaru ta yanke hukunci a ƙarar Zamcho Florence Lum, cewa al'adar da ke hana 'ya mai aure gadon mahaifinta ta saɓa wa daidaiton da tsarin mulki ya tanada. Daga yankin Arewa maso Yammacin Kamaru ƙarar ta fito, amma hukuncin Kotun Ƙoli ne da ke Yawunde, babban birnin ƙasa, don haka nake sa shi a takardun da nake rubutawa. Ina haɗa shi da sashe na 45 na tsarin mulkin 1996, wanda ya ɗora yarjejeniyoyin da ƙasa ta amince da su a kan dokokin gida, ciki har da ta Maputo kan haƙƙin mata.

Ke kanki, dokar 1981 ta rajistar haihuwa da aure, sashe na 77, ta hana magada iko da ke ko da rabonki na dukiya, ta kuma ba ki damar sake aure bayan kwana 180. Korar mace daga gidan aurenta ba da hukuncin kotu ba laifi ne a kundin laifuffuka na 2016.

Inda nake so ki nutsu shi ne zaɓen kotu. Kotun al'ada ba ta sauraron ƙara sai kowa ya yarda. Wanda aka yi ƙararsa yana iya ƙi tun kafin a shiga magana, a koma babbar kotu. To amma can dokar da aka gada daga Faransa ake bi. Tana daidaita ɗa da 'ya, sai dai ba ta mallaka wa matar mamaci kaso idan akwai 'ya'ya, cin moriya kawai take ba ta, alhali Musulunci ya ba ki tumuni naki na kanki. Ni dai ban taɓa tura mace babbar kotu ba sai mun zauna mun lissafa duka biyun.

Idan kuɗin lauya ya gagara, ki nemi tallafin shari'a a wurin magatakardan kotu, dokar 2009 ta tanade shi ga marasa ƙarfi.